A yi hattara, ƙerana ba nopal ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili kan wata magana da nake gani tana yawo a WhatsApp, wai cin tsiron nan mai ƙaya na gyara hanji yana maganin suga. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki amma ba yadda ake yaɗa ta ba.

Wanda ake ci ɗin shi ne nopal na mutanen Meksiko, wani tsiro mai faffaɗan rassa masu kauri da ƙaya, har a tutarsu yana nan, gaggafa ta sauka a kansa da maciji a baki. Mutanen can sukan kankare ƙayar su yayyanka su gasa ko su soya da ƙwai, 'ya'yan kuma a sha, a Tigrai ta Habasha ma ana shansu, beles suke ce musu. In an dafa shi yauƙi yake yi irin na kuɓewa, to wannan yauƙin da faiba, wato zare-zaren da ke ciki, tumbinmu ba ya iya narkar da su sai su wuce har babban hanji, a can ne bakteriya masu amfani suke cinye su su fitar da wani sinadari butiret wanda bangon hanjin kansa yake rayuwa da shi. A 2017 masana a Meksiko sun ba da nopal ga ɓerayen da aka ƙosar da su da mai da suga, suka ga bakteriyar hanjinsu ta canja. Amma fa ɓeraye ne jama'a, mai ciwon suga kar ya ajiye maganinsa saboda ɓera. Kuma wanda ya zaƙe da shan 'ya'yan, ƙwallayen na iya ɗaure masa ciki.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne hoton da ake haɗawa da saƙon. Mutum ya gani ya ce ai ga shi nan a shingen gonarmu, alhali namu ƙerana ce ko tinya, dangi daban ne kwata-kwata, farin ruwan da ke fita in an karya su dafi ne, yana ƙona baki, in ya shiga ido zai iya makantarwa, tinya ma ai da ita mafarauta ke haɗa dafin kibiya. Nopal ba ya fitar da wannan farin ruwan.

Ni a ganina mai son ciyar da bakteriyar hanjinsa ga kuɓewa ga kuka ga wake a kasuwa da araha. Ina roƙon ku buga hoton nopal da na ƙerana gefe da gefe a shafinku na lafiya, ku nemo likita ya yi bayani.

Na gode.
Mai karanta jaridarku daga Zariya