Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: Ina Aka Kwana Kan Alkawarin Badala?

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙo. Na san abin da ke gabanka yana da yawa, don haka ba zan ja zance ba. Maganar badala ce ta sa na rubuto maka.

A watan Yunin 2023, ko wata guda ba ka cika a kan kujera ba, katafila ta shiga gari. Aka rushe gine-ginen tsohon Otal ɗin Daula, aka rushe shagunan filin Idi, aka kawar da shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati, aka shafa jan fenti a jikin gine-ginen da aka dasa a bakin badala ta titin BUK. Gari ya rabu biyu, wasu na murna, wasu na kuka da asarar dukiya. Mu da yawa da ba mu ji daɗin ganin dukiyar bayin Allah ta koma ƙura ba, magana ɗaya ce ta sa muka haɗiye abin da ke ranmu. Ka ce filayen al'umma ne aka cinye za ka ƙwato, ka kuma ce da ɓaraguzan ginin da aka rushe za a gyara badalar Kano. Da bakinka ka faɗa, kafafen yaɗa labarai suka ɗauka, duniya ta ji.

To ranka ya daɗe, damina nawa aka yi tun daga wannan rana? Ina badalar?

Duk wanda ya bi titin BUK a ƙafa, daga Ƙofar Ɗan Agundi ya wuce Na'isa ya nufi Gadon Ƙaya, zai ga amsar da idonsa. A wasu wuraren abin da ya rage tudun jar ƙasa ne da bai kai kafaɗar mutum ba, ruwan sama ya tsattsaga shi, leda ta lulluɓe gindinsa. Za ka tarar da mai baro ya kafa diga yana saran jikin ganuwar yana lodi, zai kai wa mai yaɓen ɗaki ko mai cikon fili, rana tsaka, babu mai ce masa don me. Ka ƙara gaba kaɗan, ka ga an mai da wurin juji, ga awaki a kai, ga yara sun yi hanyar ratse har ta zama turba. Bayan haka kuma sai ganuwar ta ɓace ɗungurungum, sai katangar bulo da ƙyauren ƙarfe. Yaron da aka haifa a Gwale ko Mandawari a 'yan shekarun nan, in ka ce masa birnin nan a kewaye yake da ganuwa, sai ya ɗauka tatsuniya kake yi masa.

Ba sai na karanta maka tarihi ba, ka fi ni sanin garin nan. Amma abin da ake bari yana narkewa ya cancanci a ambace shi da sunansa. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta. Sarakunan da suka biyo baya suka ɗora, aka faɗaɗa ta har ta kewaye Dala da Gwauron Dutse da gonaki da ruwan sha, yadda ko an yi wa birni ƙawanya mutane ba za su mutu da yunwa ba. Da sojojin Ingila suka iso a watan Fabrairun 1903, sai da suka kafa igwa kafin su samu shiga, kuma shi kansa Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta ba a Afirka, ga tsayi da ya kai ƙafa 30 zuwa 50, ga kaurin gindi kusan ƙafa 40. Abin da igwar Bature ta sha wuya a kansa, shi ne yau diga da takardar fili suke gamawa da shi a hannunmu. Tun 2007 sunan ganuwar Kano ke cikin jerin jiran hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, ana sa ran wata rana a amince da ita cikin kayan tarihin duniya. In masu tantancewa suka zo gobe, me za mu nuna musu?

Na san za a ce ai ganuwa tana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya ne. Haka ne a takarda. Amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa filayen birni. Babu wanda ya isa ya yanka fuloti a jikin badala, ya samu shaidar mallaka, ya samu izinin gini, ba tare da sa hannun ma'aikatun da ke ƙarƙashinka ba. Ma'aikacin gidan tarihi ba shi da katafila, ba shi da 'yan sanda, abin da yake da shi wasiƙar koke ce. Mun gani a 2010 lokacin da aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, ma'aikatan gidan tarihi suka yi ta kuka, aka wuce su, aka maye gurbinta da ta siminti. Kai ma kana kwamishinan ayyuka aka gina gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, don haka ka san yadda ake yanke irin wannan shawara, ka san kuma wanda ake saurara da wanda ba a saurara.

Akwai kuma wata magana da ya kamata a gyara tun daga tushe. Ɓaraguzan kankare da guntayen rodi ba su ne maganin ganuwa ba. In aka jibge su a kanta, tudun shara aka yi, kuma damina biyu ta isa ta watsa shi cikin kwata. Ganuwa ginin ƙasa ce. Jar ƙasa ake kwaɓawa da ciyawa, a bar ta ta tsima, a mulmula tubali, a jera, a yaɓe. Kakanninmu ba su taɓa ɗaukar ta a matsayin aikin da ake gamawa a juya baya ba. Bayan ruwa ya ɗauke sai a fito gayya, a cike inda ya zaizaye, makaɗa na zuga majiya ƙarfi. Wannan gyaran na kai a kai shi ya riƙe ta ƙarni bayan ƙarni, kuma ranar da aka daina shi ta fara mutuwa. Har yanzu akwai magina a cikin birni da suka gaji sana'ar, waɗanda suka san ƙasar da ke riƙe ruwa da wadda ke zubewa, suka san haɗin makuba. Yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu sun koma ɗora bulo domin nan ne abinci yake. In aka bari wannan zuriya ta ƙare, ko an ware biliyoyi daga baya, ba za a samu hannun da zai yi aikin ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kududdufai. Ranka ya daɗe, ƙasar da aka gina badala da gidajen birni, daga ina aka haƙo ta? Daga nan ne aka samu ramukan da suka zama kududdufai, kuma su ne suke shanye ruwan saman birni tun fil azal. Ruwa ya sauko daga unguwa, ya gangara kududdufi, ya kwanta, ƙasa ta tsotse. Yanzu kowa ya san yadda ake yi da su. A fara da zuba shara, tifa ta biyo da ƙasa, wata safiya a wayi gari an kafa turaku, kafin a ce me an haƙa harsashi. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In ya zo bai tarar da gidansa ba, gidan talaka zai shiga. Wanda ya taɓa tsayawa a lungun cikin birni da tsakar dare ana ruwa ya san abin da nake faɗa: mata na kwarfe ruwa da kwano da bokiti, an ɗora yara da buhun hatsi a kan gado, maigida na haska katanga da fitila yana duba ko ta fara tsagewa. Ambaliyar Kantin Kwari ta 2022, wadda ta jiƙa atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, ba wani abu ya jawo ta ba illa gini a kan hanyar ruwa. Kai da kanka ka yi ta sukar wannan ɗabi'a lokacin da kake neman ƙuri'a. Wane kududdufi ne aka sa wa iyaka a hukumance, aka ce daga yau haramun ne a taɓa shi, tun da ka hau?

Kada mu ɗauka muna da wata kariya da maƙwabta ba su da ita. A watan Agustan 2023 wani sashe na Babban Masallacin Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. A watan Satumban 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram. A watan ne kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har fadar Shehu da Kasuwar Monday. Dukkansu an ga alama tun kafin abin ya faru. Muna da Gidan Makama, muna da karofin Ƙofar Mata, muna da tsofaffin soraye a Kurmi da kewayenta, duk ginin ƙasa ne ko abin da ke zaune a tsakiyarsa. Don Allah, don Annabi, kada a jira sai an je jaje.

Shi kansa jajen akwai abin dubawa. Duk shekara hukumomin hasashen yanayi na fitar da gargaɗi tun kafin ruwa ya sauka, duk shekara kuma sai bayan gida ya faɗi ake zuwa da buhun shinkafa da tabarma da bandir ɗin kwano. Ba raina taimako nake yi ba, mai jin yunwa ya san darajarsa. Amma a 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ba kowace jiha naira biliyan 3 saboda ambaliya. Jama'ar Kano na da haƙƙin ganin lissafin kason su a fili, unguwa unguwa, ƙauye ƙauye, da nawa aka kashe wajen yashe magudanai kafin ruwa, da nawa aka raba bayansa.

Sai maganar hawa, a taƙaice. A watan Disamban 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake alfahari da su, a daidai lokacin da rikicin masarauta ya sa 'yan sanda ke hana shi salla bayan salla. Ba zan shiga batun wane ne sarki ba, yana gaban kotu. Waɗanda nake tunawa su ne masu busa kakaki da algaita, da masu tambari, da 'yan kalangu, da makaɗan 'yan tauri, waɗanda Hawan Daushe da Hawan Nasarawa su ne kakarsu ta shekara. Da su da dukawa da maɗinkan kayan doki, babu wanda ya tambayi yadda suke ci. Ko ba a yi hawa ba, jiha na iya buɗe musu fili a Gidan Ɗan Hausa ko harabar Gidan Makama su yi wasa, a biya su, yara su ji sautin da idonsu a kan mai busa.

Ranka ya daɗe, ban ce ka tayar da ganuwar Kano gaba ɗaya ba, na san wani ɓangaren ya tafi ke nan. Abin da ya rage shi nake roƙo a kansa. A auna shi, a buga taswirarsa kowa ya gani, a soke duk takardar filin da ta hau kansa ko ta wane ne, a haɗa da kududdufan da ba a riga an cike ba. A zaɓi tsakanin ƙofa biyu, ko da daga Ɗan Agundi zuwa Na'isa ne kawai, a damƙa wa maginan gargajiya tare da masana daga Jami'ar Bayero, a gina shi da ƙasa yadda aka gada, a sa kuɗin gyaransa na duk shekara cikin kasafi. Lokacin aikin ƙasa rani ne, da zarar hadari ya fara haɗowa an makara sai wata shekara. Muna so mu ji ranar da za a fara, da sunan ma'aikatar da za mu riƙa tambaya in ba a fara ba.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani ɗan cikin birni, Kano