Feshin launin fata da ƙunshin amare a zangunan Kumasi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata sabuwar kwalliya da ta fara shigowa cikin gyaran amare a zangunanmu na Kumasi, wato feshin da ake yi wa fata don ta ƙara duhu da sheƙi, sannan a haɗa shi da ƙunshi a mako guda. A ƙasashen Turawa aka fara shi domin masu farar fata da ke son kamannin wanda ya sha rana, amma a nan waɗanda nake gani suna nemansa galibi 'yan matan da man bilicin ya bar wa jiki dabbare-dabbare ne, fuska ta yi fari, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi, suna son launin ya daidaita kafin ranar ɗaukar hoto. Na daɗe ina yi wa amare ƙunshi a Aboabo da Asawase, saboda haka maganar ta shafi sana'ata.

Sinadarin da ke cikin feshin ana kiransa DHA, kuma dangin sukari ne wanda ke rina matacciyar fatar da ke can sama, launin ya ɗauki kwana 5 zuwa 10 kafin ya kaɗe. Shi ma lalle a wannan fatar yake kamawa, sai dai yana iya kai mako biyu ko uku, musamman a tafin hannu da ƙafa inda fata ta fi kauri. Tun da wuri ɗaya suke rinawa, dole ɗaya ya taɓa ɗaya. Idan aka yi feshi aka ɗora ƙunshi a kai, ruwan lemun tsami da sukari da ake shafawa, da kankarewar lallen idan ya bushe, za su ci launin feshin a wasu wurare su bar wasu. Abin da ya fi dacewa shi ne a gama dilka da halawa tukuna, domin su suke ɗebe tsohuwar fata, sannan a yi ƙunshi a bar shi kwana biyu ya nuna, sai a shafe zanen da man da zai tare feshin kafin a fesa. Ko da an bi wannan tsari, jan lalle ba zai fito a bayan hannu kamar yadda yake fitowa a da ba, saboda fatar da ke kewaye da shi ta matso kusa da launinsa.

Nan ne damuwata take. Amarya za ta dubi hannunta ta ga fulawar ba ta fito ba, ƙawaye su ce mai ƙunshi ba ta iya ba, ita kuma mai ƙunshi, don kada ta rasa ciniki, sai ta ɗauko baƙin lalle. Ganyen lalle ba ya bayar da baƙi. Iyakarsa ja mai duhu. Abin da ke sa shi baƙi wuluk cikin ƙasa da awa guda shi ne sinadarin PPD na rinin gashi, wanda hukumomin lafiya na Amurka da Tarayyar Turai ba su yarda a zana shi a fata ba. Illarsa ba ta cika bayyana a ranar ba. Sai bayan kwanaki, wani lokaci mako guda ko biyu, lokacin da amarya ta riga ta tare a ɗakinta, zanen ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya ɗuri ruwa, ya bar tabo mai siffar fulawar da aka zana. Wadda jikinta ya taɓa ƙin wannan sinadari kuwa, da wuya ta sake rina gashi lafiya har ƙarshen rayuwarta. Fatar da bilicin ya riga ya sirantar ita ce aka fesa wa wani sinadari, aka kuma ɗora mata na uku, duk a cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma batun alwala, wanda ban ji masu tallar feshin suna ambata ba. Bayan an fesa, ana hana taɓa ruwa na kimanin awa 6 zuwa 8. Wadda aka fesa wa da hantsi, yaya za ta yi da Azahar da La'asar? Bayan haka ma, fuska da hannuwa da ƙafafu da ake wankewa kullum su ne za su fara koɗewa, su bar sauran jiki da wani launi dabam. A ganina wannan tambaya ce da ya kamata malamanmu su ɗauka a wa'azin mata.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da DHA ne don shafawa a waje kawai, ban da shaƙa, ban da ido da leɓe, kuma launin da yake bayarwa ba ya kare fata daga zafin rana. Duk shagon da zai yi feshi ba tare da rufe wa mace hanci da ido ba, a ɗakin da iska ba ta ratsawa, bai cancanci kuɗinta ba.

Tamu hukumar ta Ghana ta hana kayan shafa masu haidrokwinon, sinadarin bilicin, tun 2016. Ina roƙonta ta duba ƙunshin kwalba da na leda da ake sayarwa a kasuwanni irin su Kejetia, ta tilasta a rubuta abin da ke ciki. Iyaye mata da alwanka kuma su riƙa tambayar mai ƙunshi abin da ta kwaɓa, su sa a gwada ɗan ɗigo a cikin gwiwar hannu tun ana saura mako biyu biki.

Wassalam.

Daga wata mai ƙunshi,
Aboabo, Kumasi