Makomar Wasan Sonic Robo Blast 2 Tana Hannun Kamfanin Sega

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wani wasan kwamfuta mai suna Sonic Robo Blast 2, wanda masu buga shi suke taƙaitawa da SRB2. Ba wani kamfani ne ya ƙera shi ba. Masoyan Sonic ne, shuɗiyar bushiyar nan mai gudun tsiya da kamfanin Sega na ƙasar Japan ya fito da ita a 1991, suka haɗu a ƙarƙashin sunan Sonic Team Junior suka fara aikinsa a 1998, suna raba shi kyauta a intanet, kuma har yau ba su ce sun kammala ba.

Da farko wasan na tafiya hagu da dama ne kawai, irin na Sonic ɗin asali. A 1999 suka mayar da shi kan Doom Legacy, wanda gyararren injin wasan Doom ne, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, abin da ya yiwu saboda kamfanin id Software na Amurka ya saki rubutun umarnin Doom, wato ainihin rubutun da aka gina manhajar da shi, ga kowa a Disambar 1997. Wanda ya san wasannin biyu zai gane wahalar da suka ɗauko wa kansu, domin Doom wasa ne na harbi a cikin lunguna da ɗakuna masu shimfiɗaɗɗen daɓe, shi kuwa Sonic ba ya armashi sai da fili da tudu da gangare. Shekaru masu yawa suka kwashe suna tanƙwara injin kafin ya yarda da abin da ba don shi aka gina shi ba. Siga ta 2.0 ta fito a 2009, ta 2.1 a 2014, sai ta 2.2 a Disambar 2019, wadda a cikinta aka sake fasalin matakai da dama, aka kuma ƙara 'yan wasa irin su Amy da Metal Sonic a kan Sonic da Tails da Knuckles.

Ƙorafin da aka fi yi a kan wasan shi ne jinkiri. Tsakanin kowace babbar siga da mai bi mata akwai kimanin shekara biyar, kuma a sigar 2.2 ma yankin Red Volcano Zone mataki ɗaya tak yake da shi, alhali yankunan da suka gabace shi suna da matakai biyu da kuma fagen karawa da shugaban abokan gaba. Masu wannan ƙorafi suna ganin aikin da ya haura shekara ashirin da biyar bai ƙare ba, ƙarshensa a yi watsi da shi. A ganina sun sa ido a inda ba nan haɗarin yake ba. Waɗanda suka assasa aikin sun daɗe da sauka daga jagorancinsa, wasu suka karɓa, kuma da yawa daga cikin masu aikin na baya sun fara ne a matsayin yara masu buga wasan. Rubutun umarninsa a buɗe yake a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ɗauka ya gyara ya raba, saboda haka ko duk masu riƙe da shi a yau sun gaji, babu abin da zai hana wasu su ɗora daga inda aka tsaya. Wani ɓangare na jinkirin ma daga ƙwarewa yake zuwa: duk lokacin da hannunsu ya ƙara faɗawa, sai tsofaffin matakai su daina gamsar da su, su koma su rushe su sake gini. Ana iya kushe wannan ɗabi'a, ni ma ina ganin da sun gama matakan ƙarshe tukuna kafin su koma kan na farko da ya fi, amma ba alamar mutuwa ba ce.

Babbar shaida a kan haka ita ce abin da ya tsiro daga jikin wasan. Tun da aka shigar da harshen rubuta manhaja na Lua a sigar 2.1, mai ƙaramin sani ma yana iya ƙirƙirar sabon ɗan wasa ko sabuwar doka ba tare da ya taɓa injin kansa ba. Wata tawaga mai suna Kart Krew ta ɗauki injin ta mayar da shi wasan tseren motoci, ta fitar da SRB2Kart a 2018, sannan ta biyo da Dr. Robotnik's Ring Racers a 2024. Aikin da yake haifar da wasu ayyuka haka ba ya fama da ƙarancin hannu.

Inda matsalar take shi ne haƙƙin mallaka. Lasisin GPL ya shafi rubutun umarni ne kawai. Sonic da Tails da Dokta Eggman, da sunayensu da kamanninsu, duk dukiyar Sega ce. Wasan yana raye ne domin kamfanin ya kawar da kai, kuma kawar da kai ba izini ba ne. Abin da ya faru a Agustan 2016 ya isa misali. Wani ɗan Ajantina mai suna Milton Guasti ya kwashe kusan shekara goma yana sake gina wasan Metroid II, ya sake shi da sunan AM2R, cikin 'yan kwanaki lauyoyin Nintendo, kamfanin da ya mallaki Metroid, suka sa aka cire shi daga intanet. A cikin watan dai masu Pokémon Uranium, wani wasan na masoya, suka janye nasu bayan aikin shekara tara, duk da cewa an sauke shi fiye da sau miliyan ɗaya da rabi. Gaskiya ne Sega ta bi wata hanyar daban, har ta ɗauki Christian Whitehead, ɗan Ostireliya da ya fito daga cikin masu ƙera wasannin masoya, ya jagoranci Sonic Mania da ta fitar a 2017. Wannan abin a yaba ne. Sai dai manufa ce ta shugabannin wani lokaci, shugabanni kuwa suna canzawa, kamfanoni ma ana saye da sayar da su, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

An ga hanyoyi biyu da wasu suka bi suka tsira. Masu Black Mesa, waɗanda suka sake gina Half-Life, sun samu amincewar kamfanin Valve da ya mallake shi, suka fara sayar da nasu a 2015, suka kammala shi a 2020. Freedom Planet kuwa ya fara ne a matsayin wasan masoyan Sonic, aka sauya 'yan wasan zuwa waɗanda ba na Sega ba, aka kai shi kasuwa a 2014. Ban ga wadda ta dace da SRB2 a cikinsu ba. Idan aka ce za a sayar, mutane da yawa ne suka zuba guminsu a cikinsa kyauta tsawon shekaru, wasu an daina jin ɗuriyarsu, kuma ranar da kuɗi ya shigo ranar za a fara rigimar rabo, ranar ce kuma Sega za ta daina kallonsa a matsayin nuna ƙauna ta fara kallonsa a matsayin kishiya. Idan kuma aka cire Sonic, an cire dalilin da ya tara jama'ar tun farko. Abin da ya rage musu shi ne su ci gaba a yadda suke, kyauta, nesa da duk wata harkar kuɗi, su kuma tabbatar injin da kayan gina matakai za su iya tsayawa da ƙafarsu ko da wata rana an ce a cire 'yan wasa da hotunan Sega.

Dalilin da ya sa na kawo wannan batu jaridar Hausa shi ne, wasan ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada, tsohuwa ma tana ɗaukarsa, kuma ɗalibin da ke koyon harshen C ko Lua a Kano ko Damagaram yana iya buɗe rubutunsa ya ga yadda ake sa abu ya yi tsalle, ya faɗo, ya gangara, maimakon ya tsaya ga buga ƙwallo a shagon gem. Shawarata ga irin wannan ɗalibi ita ce ya koyi sana'ar a can, amma idan ya tashi gina nasa ya nemi 'yan wasan da babu lauyan da zai aiko masa da takarda a kansu. Gizo da Ƙoƙi da Botorami ba su da rajista a hannun kowane kamfani. Ina kuma roƙon Edita ya sa masu kula da shafin kimiyya da fasaha su yi wa masu karatu bayani dalla-dalla a kan bambancin da ke tsakanin lasisin manhaja da haƙƙin mallakar suna da hoto, domin matasanmu da ke fara ƙera manhajojin waya suna yawan haɗa su wuri ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya