Barka da Sallah, da wata magana a kan Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. A gaishe mini da Inna da yara. Ni nan ana saukowa daga idi na wuce wurin aiki, don su ba su san da hutun Sallah ba.

Wani abu ya tsaya mini a rai tun da na kira Baba da safe. Makulli yake son ya ce, sai ya yi ta "abin nan, abin nan da ake buɗe ƙofa", har ya gaji ya miƙa wa Inna wayar. Bara ma na lura, amma bai kai haka ba. Kuma hankalinsa garau yake, har ranar da na baro gida ya tuna.

A gidan kula da tsofaffi da nake aiki na ga irin wannan. Cuta ce da ke cin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda magana take, kaɗan-kaɗan. Ba kamar shanyewar ɓarin jiki ba, mai ɗauke magana dare ɗaya. Wani likita a Amurka, Marsel Mesulam, ya yi bayaninta a 1982, kuma sau da yawa kafin shekara 65 take farawa. Wani mai cutar kalma ce ke ɓace masa. Wani kuwa ma'anar ce ke tafiya: ka ce "buta", ya tambaye ka mece ce buta. Takan zama farkon cutar mantuwa da ake kira Alzheimer ko wata danginta. Ɗan fim ɗin nan Bruce Willis ma da matsalar magana aka fara sanarwa a 2022, sai a 2023 aka ce cutar lalacewar ƙwaƙwalwa ce.

Ni ba likita ba ce, Allah Ya sa ba ita ba ce. Amma don Allah kada a ce tsufa ne kawai. Bayan Sallah a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a gwada jinsa da jininsa, a yi masa hoton kai. Ba ta da maganin warkewa, sai dai masu koyar da magana suna taimakawa sosai in an fara da wuri.

Kafin nan, in ya tsaya neman kalma a ba shi lokaci, kada yara su riƙa cafe masa zance ko su yi dariya. Ka kuma riƙa naɗar hirarsa a waya, likita zai so ya ji.

Kuɗin asibitin zan turo ƙarshen wata, in sha Allah.

Ƙanwarka