Ƙanena ya tashi daga sanƙarau, ku kwantar da hankalinku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in amsa wa 'yan uwa da abokan arziki, domin kiran waya ya fi ƙarfina. Ƙanena da sanƙarau ya kwantar makonni uku da suka wuce yana gida, yana cin tuwo, jiya ma da ƙafarsa ya taka zuwa masallacin unguwa. Masu cewa ya rasu da masu cewa ya taɓu, Allah Ya yafe musu.

Da zazzaɓi da ciwon kai abin ya fara. Muka ce na cizon sauro ne, aka sayo magani a kemis. Cikin dare ya ce a kashe ƙwan lantarki, wai haske na huda masa ido. Da asuba na ce ya sunkuya haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya kasa, wuyan ya ƙage kamar icce. Wata maƙwabciyarmu ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Ban hana addu'a ba, amma a cikin Keke Napep aka yi ta, muna hanyar asibiti.

A can Inna ta tubure da aka ce za a ɗebi ruwan ƙashin bayansa, domin ta sha jin cewa shi ke nakasa mutum. Likitar ta zaunar da ita ta ce: "Mama, ba allurar ke nakasawa ba, cutar ce idan aka yi mata jinkiri." Ta ce ruwan mai lafiya garau yake kamar na famfo. Nasa kuwa na gan shi a 'yar kwalba, ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa. Ba su ma jira sakamako ba suka fara yi masa allurar ceftriaxone, mai kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya. Rana ta huɗu ya buɗe ido ya ce a ba shi koko. Ya kurɓa sau biyu ya ce sukari bai ji ba. Inna ta yi ta kuka, mu muna dariya.

Masu tsayawa a zaure su aiko da gaisuwa su juya, ku shigo. Likitoci sun tabbatar mana cewa mai wannan cuta kan daina yaɗa ta bayan kwana ɗaya da fara allura, shi kuwa ya gama tasa tuni. Na san inda tsoron ya samo asali. Manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, kuma annobar 2017 daga nan Zamfara ta taso ta ci sama da rai 1,000. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ba zan ɓoye muku ba, kunnensa na hagu bai dawo daidai ba, an ba mu ranar gwajin ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tsira daga irin wannan sanƙarau, 1 kan fita da wata larura, kamar kurumta. Ƙanen nawa kuma yana saurin gajiya. Don haka ku zo bibbiyu, ku zauna ta damansa, kada a cika ɗaki da hayaniya.

Da yawa sun tambaye ni, ba a yi masa rigakafi ba ne? An yi masa yana ƙarami, amma waccan allurar MenAfriVac da aka fara a Najeriya a 2011 daga nau'in A na ƙwayar cutar kaɗai take karewa, alhali na 2017 nau'in C ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwa, Men5CV, mai kare nau'i biyar. Malam Edita, don Allah duk lokacin da za a zo yin ta ku riƙa buga rana da wuri, musamman kafin bazara ta kankama ana cunkuso a ɗaki ɗaya. Yaran gidanmu shida ne, ni zan kai su da kaina.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Gusau