Ladan malami yana sama, amma kuɗin haya a ƙasa ake biya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na saurari shirinku na ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, kuma maganar wani da ya bugo waya ta tsaya mini a rai. Ya ce duk wanda ka ga yana koyarwa a makarantar mishan, aikin gwamnati ya nema bai samu ba. Ba zan ƙaryata shi gaba ɗaya ba, don ni ma ta wannan ƙofa na shigo. Abin da bai faɗa ba shi ne dalilin da ya sa wasunmu suka zauna.

Ni Musulmi ne, Bahaushe, shekarata goma sha tara ina riƙe da alli a wata makarantar firamare ta Katolika a nan Garwa. Ranar da na fara aiki, kawuna ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, ka kula da sallarka." Na kula, kuma babu wanda ya taɓa hana ni. Ranar Juma'a Sista mai kula da mu da kanta take leƙowa ta ce lokacin masallaci ya yi. A ajina akwai 'ya'yan Fulani, da Hausawa, da Tupuri, da Mundang, benci ɗaya, littafi ɗaya. Suna ce mini "Mushe", wato malam da Faransanci, kada masu sauraro na Najeriya su zaci mushen dabba ake nufi.

Makarantun nan ba jiya suka fara ba. Limaman ƙungiyar Oblat sun iso arewacin Kamaru a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda daga baya ya zama bishop na Garwa, kuma su suka kafa Kwalejin Mazenod a Ngaundere. Amma wanda tarihinsa ya fi taɓa ni shi ne Baba Simon, wato Simon Mpeke, limamin Katolika ɗan kudancin ƙasar nan. Ya bar Duwala ya hau arewa a 1959, ya zauna a Tokombere, yana bin duwatsu ba takalmi yana roƙon iyaye su ba shi yara ya koya musu karatu. Ya rasu a 1975, yau ga kwaleji da sunansa a garin. Idan shugabanninmu suka ce koyarwa kira ce daga Allah, irin wannan mutum suke nufi, kuma ban ga abin musu a ciki ba.

Ladan ma ina ganinsa tun a duniya. Bara matata ta kwanta asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta dube ni ta ce, "Mushe, ba ka gane ni ba?" Yarinya ce da na taɓa tsare wa da lissafin rabawa har ta yi kuka, sannan ta ci jarrabawar CEP ta kammala firamare. Kwana huɗu ba ta bar mu mun nemi komai ba. Akwai kuma mai babur a unguwar Yelwa da ya rantse ba zai karɓi kuɗina ba, har na koma ɓuya idan na hango shi, don kunya.

To amma, Malam Edita, godiya ba ta sayen buhun gero. Kalmar nan ta kira tana da daɗin ji, sai dai wani lokaci da ita ake rufe bakin malami idan ya tambayi albashinsa. Makarantunmu da kuɗin makaranta suke tafiya, tallafin da ake sa rai kuwa ba ya isa. Uba ya biya kashin farko a watan Satumba, sai ya ɓace har Maris, lokacin da zafin Garwa ya haura digiri 40 kana cikin aji da yara sama da sittin. Na taɓa yin wata biyu ban ga ko sisi ba, mai gidan haya kuma bai san wani abu wai shi kira ba. Abokan aikina nagari da yawa sun ajiye alli sun kama kasuwa ko sun ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma ban zarge su ba. A 2023 an ɗaga mafi ƙarancin albashi na ma'aikata masu zaman kansu zuwa sefa dubu 60. A tambayi malaman ƙauye nawa suke karɓa a hannu.

Roƙona gare ku shi ne ku sake shirya wannan zama, ku gayyato malami ɗaya daga makarantar mishan ta ƙauye, ko daga Mokolo ko Yagwa, da mai kula da ilimi na coci, da uba ɗaya daga ƙungiyar iyayen yara, su yi maganar kuɗi a fili. Idan za ku yi, ku sa shi ranar Asabar, don sauran ranakun muna aji.

Naku mai sauraro,
Wani malamin firamare, Garwa