Amsa ga Mai Tambaya: Dole Ne Sunan Mawaƙi Ya Yi Ma'ana Mai Zurfi?

Ƙanena, sallama.

A bainar jama'a ka yi mini tambaya, don haka a nan zan ba ka amsa. Ka ce kai kaɗai kake shirya waƙoƙinka, ba ka ƙarƙashin wani kamfani, kana so ka fitar da su da wani suna ba naka na yanka ba, amma ana ta ce maka sai sunan ya yi ma'ana mai zurfi. Kana so ka ji ko haka ne.

Ba haka ba ne. Ranar da ka zaɓi suna fanko ne, waƙoƙin da ka zuba a ciki su ne ma'anarsa. Maraici ne ya sa aka laƙaba wa Adamu Wayya sunan Ɗan Maraya, amma yau duk wanda ya ji sunan, kuntigi ne ke fara zuwa masa a rai.

Aikin suna shi ne ya shata iyaka tsakaninka da abin da kake yi. Kevin Parker ɗan Ostireliya shi yake rubuta waƙoƙin Tame Impala, sunan da yake fitar da aikinsa da shi, ya kaɗa kayan, ya naɗi sautin, sai in za a hau dandamali ne yake gayyato makaɗa. Sunan ya ba shi sarari ya zama mutum ɗaya a situdiyo, ƙungiya a gaban jama'a. Kai ma kana iya riƙe suna biyu don salo biyu, ko ka rufe wani aiki ba tare da ka binne sunanka ba. Kafin ka zaɓa, rubuta jimla uku: me wannan suna yake rerawa a kai, da wane irin kiɗa, kuma me ba zai taɓa yi ba ko da an biya shi. Ta ukun ta fi wahala, ita ce kuma take bambanta ka da sauran. In ka kasa rubuta ta, ba suna ne matsalarka ba tukuna.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen mallaka. Binciki sunan a Spotify da YouTube da Apple Music da Audiomack, sannan a rumbun alamun kasuwanci na WIPO, hukumar duniya mai kula da mallakar fasaha, wanda kyauta ne a intanet. A 2020 wata shahararriyar ƙungiyar mawaƙa ta Amurka ta taƙaita sunanta daga Lady Antebellum zuwa Lady A, ashe akwai mawaƙiya Anita White a Siyatul da ta yi sama da shekara 20 tana aiki da shi. Sai da suka kai juna kotu. Su masu lauyoyi ne. Kai abin da zai fi samunka shi ne kamfanin rarraba waƙa, wato mai ɗora maka ita a su Spotify, ya jefa waƙarka a shafin wani mai suna irin naka, domin na'ura haruffa take bi. Maganinsa, da zarar waƙarka ta farko ta shiga, ka karɓi ikon shafinka ta Spotify for Artists, sashen da Spotify ya ware wa mawaƙa, ka riƙa ba kamfanin lambar shafin duk lokacin da za ka saki sabuwa.

Sai rubutu. Faɗa wa mutum biyar sunan da baki, ka ce su rubuta. In uku sun saɓa, masu nemanka ma za su saɓa. In akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, ka tuna mutane da yawa k da d da b suke dannawa a waya, ka gwada neman sunan ta fuska biyun, sannan ka tsaya a kan rubutu ɗaya ko'ina, har a jikin hoton kundi, don ana iya mayar maka da waƙa in sunan da ke kan hoton ya saɓa da wanda ka shigar. Kalmar da kowa ke amfani da ita kullum takan nutse a bincike, shi ya sa mawaƙan ƙungiyar Chvrches na Sikotilan suka sa v a gurbin u. Kada dai ka wuce gona da iri. A 1993 Prince, mawaƙin Amurka, ya mayar da sunansa wata alama da ba ta furtuwa, har aka riƙa aika wa 'yan jarida faifan kwamfuta don su iya buga ta, kuma a 2000 ya koma sunansa.

Ka sani kuma ba sunan da ke kan fosta ake biya ba. Kuɗin haƙƙin marubucin waƙa yana bin lambar IPI, wato lambar shaidar marubuci, da za ka samu ta hannun ƙungiyar karɓar haƙƙi, da sunanka na takarda. Ka yi rajistar laƙabin a ƙarƙashinsa, in ba haka ba kuɗi na iya maƙalewa ba a san mai shi ba. Kowace waƙa da aka naɗa kuma tana da lambar shaida mai gurbi 12 da ake kira ISRC; ka adana su, da su ake gane waƙar in ka sauya kamfanin rarrabawa.

Dokar haƙƙin mallaka tana kare waƙa, ba ta kare suna. Suna sai rajistar alamar kasuwanci, ita kuma ƙasa-ƙasa take aiki, kuma rukuni-rukuni ake yin ta: rukuni na 41 na wasa a gaban jama'a, na 9 na sautin da aka naɗa, na 25 in za ka sayar da riguna. In kuɗinka na rukuni ɗaya ne kawai, fara da na 41. In ku biyu ne ko fiye, ku rubuta tun yanzu wa zai riƙe sunan ranar da aka rabu, kowa ya sa hannu.

In kuma har kana tantamar sunan, canza shi kafin waƙar farko ta fita. Bayan ta fita, sai ka bi kamfanin rarrabawa, ka sake hotunan kundi, kuma ba lallai mabiyan tsohon shafin su biyo ka sabon ba.

Naka,
Yayanka a harkar kiɗa